Keken Mama da Bargon Baba

Mu biyu ne muke ba ku wannan labari, ya da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbarmu tana aure a Zariya, ƙaramarmu kuwa tana zaune kusa da Baba a garin da aka haife mu, a kan tudun Filato. Labarin wani tsohon keken ɗinki ne, wanda saura kaɗan mu sayar da shi a kan kuɗin da ba zai sayi mudu biyar na masara ba.

Keken na mahaifiyarmu ne. A shekara ta 1975 ya shigo gidanmu. Baba malamin firamare ne a lokacin, a shekarar nan ce kuwa aka biya ma'aikata kuɗin nan da ake kira Udoji. Abokan aikinsa waɗansu suka sayi babur, waɗansu rediyo. Baba ma babur yake so. Amma Mama ta riga ta ga keke a hannun wata ma'aikaciyar asibiti da za ta bar garin, tana neman mai saye, kuɗin adashin Mama kuwa bai kai ba. Baba ya cika mata, ya ci gaba da hawan tsohon kekensa zuwa makaranta. Yakan ce, "Keke biyu ne a gidan nan. Nawa yana cin kuɗi, nata yana kawowa."

Haka kuwa aka yi. A watan Satumba na 1976 gwamnati ta soma shirin ilimin firamare kyauta, wanda ake kira UPE. Yara suka cika makarantu, kowanne yana bukatar kayan makaranta. Mama takan yi ɗinki har tsakar dare a gaban fitilar ƙwai, mu kuwa da ƙarar keken nan muke yin barci. Daga cikinsa aka biya mana kuɗin sakandare.

Bari mu kwatanta muku shi. Singer ne, samfurin da ake kira 99K, baƙi wul da zanen ruwan zinariya. Na hannu ne, ba na takawa ba, ba ruwansa da lantarki. Yana zaune cikin akwatin katako mai lanƙwasasshen murfi kamar bayan kunkuru, da mariƙi a bisa da ɗan makulli. Masu yinsa sun ce na ɗauka ne a yi tafiya da shi, amma ƙarfen zubi ne, nauyinsa ya haura kilo 10. Mama dai gammo take yi ta aza shi a kai in za ta ɗinki gidan biki. Ɗan babbarmu ya duba lambar da aka buga a jikinsa ta intanet, ya ce mana a 1950 aka ƙera shi, a babbar masana'antar kamfanin da ke Clydebank kusa da Gilasgo a ƙasar Sikotilan. Harafin K ɗin nan na Kilbowie ne, wato unguwar da masana'antar take. An rufe ta tun 1980. Ashe keken ya riga ya yi shekara 25 a duniya kafin Mama ta saye shi, ya kuma girme mu duka biyu.

Wajen 2010 yanar ido ta hana Mama zura zare, sai ta rufe akwatin ta tura shi ƙarƙashin gado. Ta rasu a 2021. Aka raba zannuwanta tsakaninmu da 'yan'uwanta kamar yadda aka saba. Ba za mu ɓoye muku ba, rabon nan ya bar ɗan tabo tsakaninmu mu biyu, a kan wani leshi da ba ma son tuna maganarsa. Muna gaisawa ta waya, amma gaisuwar ba ta wuce lafiyar yara da ta Baba.

A watan Oktoba na 2022 babbarmu ta zo duba Baba, muka ce mu share ɗakin Mama. Muka jawo akwatin, muka buɗe. Muka kama mariƙin juyawa, ko motsi bai yi ba, sai ka ce an zuba masa siminti. Ranar nan kuwa wani mai sayen tsofaffin ƙarafa yana wucewa da amalankensa. Muka kira shi, ya ɗaga keken ya ji nauyinsa, ya faɗi kuɗi. Muna cikin ciniki, Baba yana zaune a kujerarsa a ƙofar ɗaki, bai ce kome ba. Sai da yaron ya sa hannu a aljihu, Baba ya ce, "'Ya'yana, in sayarwa za ku yi, ku bari in shiga ciki tukuna."

Muka ba yaron haƙuri, ya tafi.

Kashegari muka kai keken kasuwa wurin wani dattijo mai gyaran kekunan teloli. Bai taɓa sukudireba ba. Ya kwantar da keken, ya sa hanci a ƙarƙashinsa ya shinshina, ya ɗago ya dube mu ya ce, "Wa ya ba shi man gyaɗa?" Ƙaramarmu ta sunkuyar da kai. Gama ita ce, shekarun baya, da man keke ya ƙare, ta ɗebo na miya ta ɗiga a kowane rami, tana ganin taimakon Mama take yi. Dattijon ya ce man gyaɗa da manja in sun daɗe a jikin ƙarfe sukan bushe su zama kamar ƙaro, su manne kowace gaɓa. Ya ce babu abin da ya karye. Ya ƙi karɓar aikin ma. "Ku koma gida, 'ya'yana. Ku ɗiga kananzir a kowane rami da kowane wurin da ƙarfe ke gugar ƙarfe, safe da yamma. Ku riƙa jijjiga wilin a hankali, gaba da baya. Kada ku sa guduma, kada ku sa ƙarfi. In ya saki, ku goge kananzir ɗin sarai, ku bi da man keke na ainihi, ɗigo ɗaya a kowane wuri." Ya kuma gargaɗe mu kada mu wanke jikinsa da ruwa da sabulu, gama zanen zinariyar zai koɗe. Tsumma mai laushi da ɗan man keke ya isa.

Ran farko babu labari. Rana ta biyu wilin ya motsa kamar faɗin yatsa. Rana ta uku da yamma sai ya zagaya gaba ɗaya, allura ta sauka ta hau. Baba ya jiyo ƙarar daga waje, ya leƙo, ya koma.

Muka ɗauka an gama. Ashe yanzu aka soma, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Irin wannan keke ta sama ake jefa masa kwarkwaron zaren ƙasa. Akan ja wani ɗan murfin ƙarfe gefe, sai ga gidan kwarkwaron. Ciki cike yake da burbushin auduga na shekara da shekaru. Muka samo gashin kaza muna sharewa, har muka ga wani ɗan jan abu a maƙale a gefe. Muka ce datti ne, muka sa tsinin allura muka ciro shi ɗungum, muna murna. Da muka koma wurin dattijon ya riƙe baki. Ya ce wannan ba datti ba ne, da shi aka ƙera keken. Ɗan ulu ne da ke shan mai kamar lagwani, yana shafa wa ƙugiyar da ke kai da kawowa a wurin. Ya jawo wata tsohuwar jar dara, ya yanko ɗan mitsitsi, ya tura a gurbinsa, ya ɗiga mai. Ke uwargida mai irin wannan keke, in kin ga jan abin nan ki bar shi.

Daga nan sai allura. Muna juyawa, keke yana tafiya da daɗi, amma in an ɗaga yadi sai ramuka kawai, zare bai kama ba. Wani lokaci ya kama uku ya tsallake biyar. Yini guda muka yi muna zargin keken da tsufa. Abin kuwa ga shi. Gindin allurar keke ba zagayayye ba ne duka, gefe ɗaya a shafe yake kamar an fere shi da wuƙa. Babbarmu ta saba da keken lantarki na zamani, inda feren yake duban baya, a zura zare daga gaba. A na Mama kuwa feren dama yake duba, zaren kuma daga hagu yake shiga ya fita dama. Dalili shi ne, sa'ad da allura ta kai ƙasa ta soma komowa, zaren yakan yi ɗan lanƙwasa a gefenta kamar kunnen jaka. Wannan kunnen ne ƙugiya ke cafkewa ta zagaya da shi bayan zaren ƙasa, ɗinki ya ƙullu. In allura ta juya baya, kunnen yakan fito a inda ƙugiya ba ta bi. Muka juya ta, muka tura ta sama har ta tokare, muka ɗaure. Nan da nan ɗinki ya fito jere kamar haƙoran yaro.

Bayan wannan sai zare ya riƙa cukurkuɗewa a bayan yadi kamar gemun masara. Tun da a ƙasa ɓarnar take, muka yi ta tonon gidan kwarkwaro. A banza. In zare ya taru a ƙasa, yawanci laifin na zaren sama ne. Akwai 'yan faifai biyu na ƙarfe a gaban keken da ke matse zaren sama. Sai an ɗaga ƙafar keke suke buɗewa. Mu kuwa ƙafar tana ƙasa muke zura zare, saboda haka bai shiga tsakaninsu ba, yana tafiya sakaka. Sai muka tuna yadda Mama take yi. Kullum takan ɗaga ƙafar kafin ta taɓa zare, in za ta soma layi kuma takan danne bakin zaren nan biyu da yatsa har allura ta sauka sau biyu ko uku. Shekara nawa muna kallonta tana yin haka, muna tsammani sabo ne kawai na hannu.

Na ƙarshe shi ne kwarkwaro. Guda biyu kaɗai muka tarar a akwatin, muka aika yaro ya sayo ƙari. Ya kawo irin na kekunan takawa da teloli suka fi amfani da su, masu shafaffen gefe. Na keken Mama gefensa a ɗan kumbure yake, bai kuma kai wancan tsayi ba. Sabon ya ƙi zama daidai. Sai a cikin wani tsohon gwangwanin dattijon nan muka sami guda huɗu. In za ki saya, ki tafi da tsohon a hannu.

To, keke ya tashi, me za a ɗinka? Hunturu yana ƙaratowa. Wanda ya san Filato ya san sanyin Disamba da Janairu. Baba ya haura shekara 80, tun rasuwar Mama kuwa yake kukan sanyi, ya ce bargon kasuwa yana danne masa ƙirji. A ƙasan akwatin Mama akwai zannuwa takwas da ba wanda ya ɗauka ranar rabo, gama sun koɗe, waɗansu sun yage a baki. Akwai kuma buhun ƙyallayen da suka ragu daga ɗinkin kayan makaranta. Muka tuna Mama takan harhaɗa irin waɗannan ta yi ɗan bargon jariri. Muka ce mu yi wa Baba babba.

Kada a ce wannan aiki baƙo ne a ƙasarmu. Duk wanda ya kalli hawan salla a Zariya ko Kano ya ga 'yan lifida. Lifidi kuwa yadi biyu ne da auduga a tsakani, aka bi da ɗinki layi layi don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Shi ne dai aikin, sai dai namu na gado ne, ba na doki ba. A Amurka ma matan da ke haɗa irin wannan bargo suna son tsofaffin kekuna ƙwarai, musamman wani ƙarami mai lamba 221 da aka fito da shi a 1933, wanda nauyinsa bai wuce kilo 5 da ɗan kai ba. Abin da suke nema a wurinsu miƙaƙƙen layi ne mai kyau. Na Mama ma abin da ya iya ke nan, ba ya ado, ba ya ramin maɓalli, ko komawa baya ba ya yi. In za a ƙulle ƙarshen layi, sai a bar allura cikin yadi, a ɗaga ƙafa, a juya yadin, a sāke bi ta kai kaɗan.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne gaya wa Baba za mu sa almakashi a zannuwan matarsa. Babbarmu ta durƙusa ta faɗa masa da dare. Bai amsa ba. Da safe muka tarar da babban almakashin Mama a kan tebur, wanda muka neme shi muka rasa tun ranar jana'iza. Ashe yana cikin akwatin Baba. Ya zaro zane ɗaya daga cikin takwas ɗin, shuɗi mai zanen ganye, ya ce, "Wannan kada ku yanka." Ba mu tambayi dalili ba.

Muka wanke sauran bakwai da ƙyallayen, kowane launi dabam saboda zuba, muka goge. Muka ɗaga kowane zane ga hasken rana, inda ya yi sharara muka kauce masa. Muka yanko kwali mai inci 5 kowane gefe, da shi muka fitar da gutsure 192. In ɗinki ya ci rubu'in inci a kowane gefe, kowane gutsure zai koma inci 4 da rabi. Jeri 12 a faɗi, 16 a tsawo, bargo ya zama inci 54 da inci 72, daidai gadon Baba.

A nan muka yi faɗa. Kowace ta ɗinka nata jeri, da muka haɗa sai na ƙaramarmu ya gaza na babbarmu da kusan yatsa biyu. Wannan ta ce waccan ta yi gaggawa, waccan ta ce wannan ta cika iyayi tun suna yara. Maganar leshi ma ta so ta fito. Gaskiyar ita ce, kowace da ido take auna bakin ɗinki, ɗan bambancin da bai kai kaurin tsinke ba kuwa in ya taru sau da yawa sai ya zama babba. Muka auna rubu'in inci daga allura, muka manna filasta a jikin keken, kowace ta riƙa bin bakinsa. Jeri uku muka warware da reza, ba mai yi wa wata magana.

Don ciki muka sa wani tsohon bargo marar nauyi, muka shimfiɗa farin yadi a baya. Audugar gona ma tana yi, amma sai an matso da layukan kusa da juna, in ba haka ba wanki ɗaya za ta dunƙule. Sai wata wahala ta taso. Keken ƙarami ne, tsakanin allura da ginshiƙinsa bai kai inci 7 ba, babban bargo ba zai ratsa ta nan ba ko an naɗe shi. Saboda haka muka raba aikin kashi huɗu, kowanne gutsure 48. Muka kama kowane kashi da manyan ɗinkin hannu don kada ya zame. Muka sa allura lamba 16 maimakon 14, muka ƙara tsawon taku, muka ɗan sassauta abin murɗawa na bisa wanda ke danne ƙafar keke, gama in ta danne da yawa yadin sama yakan tattare a gabanta. Daga tsakiya muke somawa mu nufi baki.

Amma keken hannu hannu ɗaya yake bar wa yadi, ɗayan yana kan mariƙi. A ɗinkin riga wannan ya isa. A hawa uku mai kauri bai isa ba, layin yakan karkace. Dole ɗaya ta juya, ɗaya ta riƙe da hannu biyu. Haka muka zauna gwiwa da gwiwa a kan tabarma, keke a kan ɗan benci. Juyi ɗaya na mariƙi taku uku ne, saboda haka mai juyawa ba ta da ikon duban wani wuri. "Sannu, Yaya, ga kwana." "Tsaya." "To, mu je." Kwana tara muna haka. Ba a iya yin gaba da mutumin da kike jiran ya ce miki tsaya. A rana ta huɗu ko ta biyar, muna tsakiyar layi, babbarmu ta ce leshin nan ma ko sau ɗaya ba ta ɗaura shi ba. Ƙaramarmu ta ce ita ma da ta samu ba ɗaurawa za ta yi ba. Muka yi dariya har layin ya karkace. Yana nan a kashi na uku, ba mu warware shi ba.

Da muka haɗa kashi huɗun, bayan bargon ya fito da gaɓoɓi marasa kyaun gani. Sai muka ɗauko shuɗin zanen nan, muka shimfiɗa shi ɗungum a kai, muka kama shi da allurar hannu, almakashi bai taɓa shi ba. Yadi biyu ne, tsawonsa ya zo daidai. Shi ne gefen da ke taɓa jiki.

Ran 18 ga Disamba muka kai wa Baba. Ya sa tabarau, ya shimfiɗa bargon a cinya, ya riƙa bi da yatsa. Ya ce wannan ta ɗaura ranar sunan jikansu na fari. Wannan shi ya sayo mata a Kaduna da ya je kwas. Wannan ɗan kakin kuma wandon 'yan makarantarsa ne. Ya juya baya ya ga shuɗin, ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya komo gaba, ya sa yatsa a wani wuri inda kusurwa huɗu ba su haɗu ba, ya ce, "Da mamarku tana nan, da ta sa kun warware wannan."

Keken yana ɗakin Mama a kan tebur, da kwalbar mai a gefensa, an rubuta mata suna da manyan baƙaƙe don kada wani ya sāke kuskure. Ƙaramarmu tana juya shi kowane mako ko babu ɗinki. Kafin babbarmu ta koma Zariya a wancan zuwan, Baba ya fito da wanduna uku masu yagaggen aljihu, ya ajiye a kan akwatin, ya ce tun 2010 suke jira.